Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani: Yadda A Ke Tada Tsohuwar Kwamfuta Da Faifai A Alƙahira

Maganarmu ta yau a kan tsohuwar kwamfuta ce, wadda aka kunna ta ƙi tashi. Kada wani ya ce ai wannan zancen yara ne, ba ruwan dattijo da shi. Yau da yawa daga cikinku lissafin bashi, da sunayen abokan ciniki, da hotunan takardun fili, duk suna cikin irin wannan akwati. 'Ya'yanmu kuwa da muka aika karatu Azhar a birnin Alƙahira, wani aikin da ya yi shekara 2 ko 3 yana rubutawa domin neman digiri yana cikin kwamfutar gwanjo da ya saya da ɗan guzurinsa. Ran da ta ƙi tashi, in aka kai wa mai gyara mai gaggawa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya share kome da kome ya zuba sabo. Inji ya tashi, dukiya ta tafi.

To, akwai hanyar da ta fi wannan, ba ta kuwa da tsada. Ana yin ta da wani faifai wanda a ke ce da shi rayayyen faifai. Amma shi ma faifan wani lokaci ya kan ƙi tashi a tsohon inji, nan ne mutane su kan fid da rai. Abin da na ke so in nuna shi ne, ba a yanke wa tsohuwar kwamfuta hukunci sai an gano daidai inda ta tsaya.

Mene ne rayayyen faifai?

Ku ɗauki kwamfuta kamar shago. A cikinta akwai rumbu, watau sito inda a ke ajiye kaya, ko an kashe wuta suna nan. Akwai kuma abin da a ke kira ram, shi ne teburin da a ke baza kaya a kai lokacin ciniki, da an tashi kasuwa sai a kwashe, ba abin da ke kwana a kansa. Sa'an nan akwai yaron shago mai ɗauko kaya daga sito ya kawo tebur, shi ne babbar manhaja, irin su Windows. Shi wannan yaro cikin siton ya ke kwana. In ya kwanta ciwo shago ba ya buɗuwa, alhali kuwa kayan suna nan ko allura ba ta ɓata ba.

Rayayyen faifai aron yaron shago ne daga waje. Babbar manhaja ce sukutum, galibi irin wadda a ke kira Linux, an zuba ta a faifan CD. In aka tada kwamfuta da shi, sai ya yi aikinsa a kan tebur kaɗai, ba ya bukatar sito kafin ya tashi. Ya buɗe maka ƙofa ka kwashi kayanka, in an kashe wuta an cire shi, shago ya koma yadda ya ke.

Wanda ya fi shahara cikinsu a zamanin farko shi ne Knoppix, wanda wani Bajamushe mai suna Klaus Knopper ya fitar a shekarar 2000. Ya yi dabara ya matse kaya kusan na giga 2 suka shiga faifai mai cin mega 700, ya kuma koya wa faifan ya riƙa gane kayan cikin kowane inji da kansa.

Yadda abin ya shiga Alƙahira

A shekarar 2002 Gwamnatin Masar ta buɗe shirin shiga intanet ta wayar gida ba tare da biyan kuɗin wata ba, sai kuɗin kiran waya kaɗai. A wannan shekara kuma ta fito da shirin sayar da kwamfuta ga gidaje, a riƙa biya kaɗan kaɗan. Sabo da haka injuna suka yawaita a gidajen birnin. A 2003 wata ƙungiyar masu aikin sa kai mai suna Arabeyes ta fitar da Arabbix, rayayyen faifai na Larabci, wanda asalinsa daga zuriyar Knoppix ne. A 2004 kuwa ƙungiyar masu amfani da Linux ta Masar, watau EGLUG, ta yi babban taro a zauren Saƙiyatus Sawi da ke unguwar Zamalik, inda mutane suka riƙa ɗauko kwamfutocinsu daga gida ana sa musu Linux kyauta. Daga baya, a 2007, aka fito da wani faifan wanda aka sake wa suna Sabily, mai ɗauke da manhajar karatun Alƙur'ani da ta lokutan salla, amma an daina fitar da shi bayan 2011.

Injunan wancan zamani da na bayansu su ne suka zama gwanjo, suka bi hannu zuwa hannu. Wanda ya san Alƙahira ya san kasuwar kwamfuta ta Bustan, kusa da Babul Luƙ a tsakiyar gari, inda a ke sayar da sabo da tsoho, masu gyara kuma suna nan. Ɗalibin da ke zaune a Madinatul Bu'us, gidan kwanan baƙin ɗaliban Azhar, ba kullum ne ya ke da kuɗin sabuwa ba. Kamfanin Microsoft kuwa ya daina kula da Windows XP ran 8 ga Afrilu 2014, ya daina kula da Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 ma ya bi sahu a Oktoba 2025. Watau yaran shagon da ke cikin waɗannan injuna duk marayu ne yanzu.

Tafiya mai zango 4

Kakanninmu fatake, in ayari ya makara, madugu ba ya cewa sun hallaka. Sai ya tambaya, a wane zango aka gan su ƙarshe? Tashin kwamfuta ma tafiya ce mai zango 4. Ku lura da inda ta tsaya, domin kowane zango da irin cutarsa da maganinsa.

Zango na 1: wuta

Danna maɓallin kunnawa, ka kasa kunne, ka zuba ido. Fanka tana juyawa? An ga rubutu ko tambarin kamfani a gilashi? In ba motsi ko kaɗan, to, ba ruwan faifai, maganar wuta ce: a duba igiya, a duba caja, a duba akwatin wuta na cikin inji. In kuwa fanka tana juyawa amma gilashi baƙi ƙirin, inji yana ta ƙara ɗin-ɗin-ɗin, mafi yawa ram ne ya saki. A cire igiyar wuta, a taɓa ƙarfen akwati domin wutar jikin mutum ta fita, a zare sandar ram a goge bakinta a mayar har ta ce ƙas. In sanda 2 ce, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙura babbar abokiyar gaba ce. Kamar yadda hunturu ke cika mana ɗaki da ƙura, haka iskar hamasin ta ke yi wa Alƙahira daga Maris zuwa Mayu, bayanta kuma zafin bazara ya biyo. Injin da ya tashi ya yi minti kaɗan ya mutu da kansa, sau da yawa ƙura ce ta toshe fanka, zafi ya yi masa yawa. A hure ta. A duba kuma waɗansu 'yan gwangwanaye da ke tsaye a kan babban allon inji: in kansu ya kumbura ko sun yi tsatsa mai ruwan ƙasa, sun mutu. Wannan cuta ta kama injuna da yawa da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007, maganinta kuwa sai mai gyara mai dalma.

Zango na 2: mai gadi bai ga faifan ba

Cikin kowace kwamfuta akwai ɗan mai gadi da a ke kira bayos. Shi ke fara farkawa, yana da takarda a hannunsa wadda ta ce wa zai fara tasa: rumbu ko faifai. In ka sa faifai amma inji ya wuce kai tsaye ya nemi Windows, to, takardar ce ta sa rumbu a gaba. Da an kunna, tun tambari bai ɓace ba, sai a danna Del ko F2, waɗansu injuna F10, a shiga wurin mai gadi, a nemi inda aka rubuta Boot, a sa CD a farko, a adana a fita. Injunan Dell da yawa F12 ya isa, na HP kuwa F9, sai su ba ka zaɓi nan take.

In ka gyara yau, gobe ya manta, agogon inji kuma ya koma shekarun baya, to, batirin mai gadi ne ya ƙare. Ɗan batir ne mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ana samunsa har wurin masu gyaran agogo. An sha jefar da inji lafiyayye sabo da wannan ɗan abu.

In takarda daidai ta ke amma har yanzu shiru, a tuhumi faifan kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne wajen zuba shi. Abin da a ke saukowa da shi daga intanet fayil ne guda mai ƙarewa da iso. Ba kwafe shi a ke yi a faifai kamar hoto ko waƙa ba, sai an gaya wa manhajar zubawa cewa surar faifai ce. Ga yadda za ka gane: sa faifan a wata lafiyayyar kwamfuta. In ka ga fayil 1 tak, an yi kuskure. In ka ga manyan jakunkuna da fayiloli da yawa, an yi daidai.

Sa'an nan a tuna tsohon inji idonsa ya yi rauni. Da yawa ba su iya karanta faifan DVD, sai CD. Waɗansu ba su son CD-RW, wanda a ke gogewa a sake zubawa, sun fi jituwa da CD-R. A zuba shi a hankali, kamar gudu 4 ko 8, kada a bar shi a kan 48. Ai ko a makarantar allo, yaron da ya yi rubutu da gaggawa, tsoho mai raunin ido ba ya iya karanta allonsa. In faifai ya yi datti a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, kada a bi da'ira.

Akwai injunan da suka tsufa ƙwarai, waɗanda mai gadinsu bai san tashi da CD ba sam, domin ƙa'idar yin haka, wadda a ke kira El Torito, sai a 1995 aka kafa ta. Akwai kuma na bayansu da suka san CD amma ba su san tashi da filashi ba. Masu sani su kan yi wa na farko dabara da wata ƙaramar manhaja mai suna Smart Boot Manager, na biyun kuwa da Plop.

Zango na 3: ya fara, ya tsaya

Nan ne aka fi shan wahala. Faifai ya juya, tambari ya fito, rubutu ya fara gudu a gilashi, sai cak. Kada ka kashe nan da nan. Ba shi minti 5, gama karatu daga CD ya fi na rumbu nawa nesa ba kusa ba. In fitilar faifai ta daina ƙyaftawa, ɗauki alƙalami ka rubuta layin ƙarshe da ke gilashi harafi da harafi, ko ka ɗauki hotonsa da waya. Wannan layi shi ne inda sawun ayari ya ɓace.

Dalili kuwa mafi yawa shi ne, baƙon yaro da tsohon shago ba su fahimci juna ba a kan wani abu guda. Magani sai a ce da yaron ya ƙyale wannan abu ya wuce. A Knoppix, da farkon tashi a kan ga kalmar boot: tana jira. F2 da F3 suna nuna jerin kalmomin da a ke rubutawa a nan. Ga waɗanda suka fi amfani:

knoppix acpi=off, in inji ya daskare tun da wuri. Wannan ya hana shi shiga sha'anin sarrafa wuta, wanda tsofaffin injuna da yawa ba su iya shi daidai ba.

knoppix noapic, in na farko bai yi ba. Ana kuma iya haɗa su biyu a layi ɗaya.

knoppix nodma, in ya ce bai sami kayansa a faifai ba, ko karatun yana sarƙewa. Zai karanta a hankali, amma zai karanta.

knoppix nopcmcia, ga tsohuwar kwamfutar cinya da ta tsaya wajen duba ramin kati na gefenta.

failsafe, in duk sun gaza. Wannan ya sa ya tsallake kusan dukan bincike.

Sharaɗi guda: a gwada su ɗaya ɗaya, ana rubuta abin da ya faru. Wanda ya sha magani 5 gaba ɗaya, ko ya warke bai san wanne ya yi masa aiki ba. Akwai kuma kalmomi 2 na bincike. Knoppix testcd ya kan duba ko faifan ya zubu daidai. Memtest kuwa ya kan auna ram: in jajayen layuka suka fito, ram ne ya lalace, kuma mai yiwuwa shi ne ya kwantar da Windows tun farko.

Wani abu kuma, ba kowane yaro ne ya dace da kowane shago ba. Injuna iri 2 ne, masu 32 da masu 64. Faifan 64 ba ya tashi a injin 32 ko za a kwana ana gwadawa. In ka ga i686 cikin layin ƙarshe, abin da ya faru ke nan. In kuwa ka ga pae, injin ya rasa wata baiwa da faifan ke nema. Wannan ya kan sami kwamfutocin cinya masu Pentium M na wajen 2003 da 2004, kuma a faifan Ubuntu na 2014 kalmar forcepae ta kan raba gardama. Ku sani kuma manyan gidajen Linux sun juya wa tsofaffin injuna baya: Ubuntu ta fi ƙarfin CD tun Oktoba 2012, ta daina fitar da faifanta na 32 a 2017, Debian ma ta bar shi a fitowarta ta 13 cikin Agusta 2025. Sabo da haka wanda ya je neman mafi sabo domin tsohon inji ya ɓata hanya. Tsohon Knoppix na CD, ko antiX na 2023 mai 32, sun fi dacewa da shi.

Zango na 4: baƙin gilashi, ko nauyin jiki

Wani lokaci rubutu ya kan gudu lafiya har ƙarshe, daidai lokacin da hoto zai fito sai gilashi ya yi baƙi, ko ya cika da zane-zane. Inji bai mutu ba, yana nan yana aiki a cikin duhu. Katin hoto ne ba a gane ba. A sake tadawa da knoppix xmodule=vesa, ko fb800x600. A faifan da suka fi sabunta kalmar ita ce nomodeset. In duk sun ƙi, knoppix 2 zai tashi da rubutu zalla ba hoto, mai sani kuwa da wannan ma zai kwashe kaya.

In hoto ya fito amma linzami da ƙyar ya ke motsi, faifai yana ta gurnani, to, tebur ne ya yi ƙanƙanta. Tun da rayayyen faifai a kan ram ya ke dukan aikinsa, ya fi Windows na rumbu jin ƙarancinsa. Knoppix na farkon zamani ya kan nemi mega 96 kafin ya nuna hoto, 128 in za a yi aikin ofis. Na yanzu sun ninka haka sau da yawa. Domin irin wannan aka yi ƙananan faifai: Damn Small Linux na asali mega 50 ne kacal, ya kan tashi ko da ram mega 16. Akwai kuma Puppy Linux, wanda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003, shi kan kwashe kansa dungum ya hau ram, har a iya cire faifan.

In an isa, me za a yi?

Abu na fari, kafin kome, a kwashe kaya. A sa filashi, a buɗe rumbu, a fara da abin da ba a iya maye gurbinsa: lissafin bashi, takardun fili, rubutun ɗalibi. Waƙoƙi da finafinai su jira. A kai filashin wata kwamfuta a tabbata fayilolin suna buɗuwa, sa'an nan a yi maganar gyara.

Hattara da abu 2. Faifai da yawa suna da wata alama a gilashi mai cewa Install. Kada a taɓa ta. Ma'anarta baƙon yaro ya tare a sito, kuma yana iya share duk abin da ya tarar. Na biyu, in rumbu yana ƙara ƙwas-ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, yana gab da mutuwa ne, kowace kunnawa tana rage masa kwana. A irin wannan hali da muguwar rawa gara ƙin tashi: a kashe, a kai wa gwani.

Akwai kuma darasi ko da ba a kwashi kome ba. In inji ya tashi da faifai ya yi aiki lafiya, an san jikinsa ƙalau ne, Windows ce ko rumbu ke ciwo. Wanda ya shiga kasuwar Bustan da wannan sani, ba mai sayar masa da sabon allo a kan cutar da ba ta wuce batirin agogo ba. Hakanan mai sayen gwanjo, in ya tafi da faifansa a aljihu, ya iya gwada inji a gaban mai shi kafin ya biya.

Amma fa a san iyakarsa. Tsohon faifai na ceto ne, kada a shiga banki da shi ta intanet, gama an daɗe ba a toshe ɓarakarsa ba. Rumbun da aka kulle da BitLocker kuwa ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa.

Maganar amana

Dattawa, ga wadda ta fi shafarku. Wannan faifai ba ya tambayar kalmar sirrin Windows. Duk wanda ya tada injinka da shi, in rumbun ba a kulle ya ke ba, zai ga kome: wanda ka ke bi bashi, wanda ke binka, wasiƙun iyali, hotunan gida. Sabo da haka kada a bar kwamfuta ta kwana wurin wanda ba a yarda da shi ba, kada kuma a sayar da tsohuwa sai an cire rumbunta ko an share shi sarai. Yaran da suka koyi wannan aiki kuwa, a ja musu kunne: wanda aka ba mabuɗin sito ya ɗauko buhu ɗaya, ba shi da izinin kwance sauran.

Shawarata ga iyayen ɗalibai da 'yan kasuwa ita ce, kada a jira ranar tafiya kafin a fafe gora. Tun inji yana lafiya a zuba faifai, a gwada shi, a rubuta kalmar da ta tada shi a jikin jakar faifan, a ajiye tare da takardun gida. Lissafi kuma a riƙa kwafe shi a filashi kowace Juma'a. In za ku rubuta wa ɗanku a Alƙahira, ku tambaye shi ko aikinsa yana wuri 2. In ya ce wuri 1 ne, ku ce ya gyara a ranar.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.